Ƙwan LED a tsohuwar tocila: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Tocilar ƙarfe ta da, irin mai cin manyan batura biyu ko uku, jikinta ba ya saurin mutuwa, ƙwai ne ke mutuwa. Ƙwan PR2, wanda aka saba sa wa tocila mai batir biyu, awa 15 kacal masu ƙera shi suka yanka masa, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti yana kunne ta isa ta tsinke siririn zaren da ke cikinsa. Yanzu da tocilolin roba masu caji suka cika kasuwa, samun irin wannan ƙwai ma ya zama aiki. Shi ya sa ƙwayayen LED masu gindi irin na tsohon ƙwai suka samu shiga: a zare tsohon, a zura sabon, ba a yanke waya ba, ba a narka dalma ba.

Hukunci a taƙaice: idan jikin tocilar mai kyau ne kuma makunninta lafiya lau, canjin ya biya kuɗinsa, amma da sharaɗin a sayi ƙwai mai matsakaicin ƙarfi wanda ke da direba, wato 'yar na'urar daidaita wuta, a cikinsa. Masu manyan lambobi a jikin leda, wat 3, wat 5, lumen (ma'aunin yawan haske) ɗari kaza, su ne suka fi ba mutane kunya.

Kafin a je kasuwa a kwance kan tocilar a duba gindin ƙwan, don iri uku ne ke yawo. Akwai PR, wanda a takardun 'yan kasuwa ake rubuta shi P13.5s: ba ya da zare, yana da ɗan faifai zagaye da wuyansa, ana zura shi ne a ɗaure da zobe. Shi ne a manyan tocilolin kamfanin Maglite na da da yawancin tocilolin Amurka da Turai. Akwai E10 mai zare da ake murɗawa, faɗinsa milimita 10, wanda ake samu a yawancin tsofaffin tocilolin ƙarfe na ƙasar Sin da aka daɗe ana sayarwa a kasuwanninmu. A jikinsa za a ga 2.5V idan na batir biyu ne, 3.8V idan na uku. Na ukun shi ne mai ƙafa biyu sirara kamar allura, na Mini Maglite mai cin ƙananan batura AA. Wasu manyan Maglite na baya-bayan nan ma da ƙwai mai ƙafa biyu suke zuwa, saboda haka sunan tocila kaɗai ba ya isa. A ɗauki tsohon ƙwan a aljihu a kai wa mai shago.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ƙarfin wuta. Farin LED yana son kusan bolt 3 kafin ya ba da haske sosai. Sababbin batura biyu suna ba da bolt 3 da 'yan kai, amma ba sa daɗewa a haka, suna sauka a hankali har zuwa bolt 2 ko ƙasa. Tsohon ƙwai mai zare ba ruwansa, sai dai ya yi ta yin ja yana dusashewa. Shi kuwa LED mai araha, wanda babu komai a gindinsa sai ɗan razista mai rage wuta, ko ma babu, da zarar baturan sun sauka zuwa wajen bolt 2.6 haskensa ya zube, alhali da sauran ƙarfi mai yawa a cikinsu. Idan aka sa masa batura masu caji na NiMH, waɗanda bolt 1.2 ne kowanne, tun daga farko ma lumshe ido zai yi. Idan kuma aka kai shi tocila mai batir uku, bolt 4.5 zai ƙone shi, wani lokaci nan take, wani lokaci ya fara yin shuɗi-shuɗi tukuna ya mutu.

Ƙwai mai kyau yana da direba a ɓoye cikin gindinsa, wato 'yar na'urar da ke ɗaga wutar ko ta sauke ta zuwa daidai abin da LED ɗin ke buƙata. Ana gane shi ta rubutun jikinsa: maimakon lamba ɗaya kamar 3V, za a ga tazara, misali daga bolt 1 zuwa 9, ko a rubuta batir 2 zuwa 6. A lissafa adadin batura sau 1.6, don sabon batir ya kan ɗara 1.5 kaɗan, a tabbatar jimlar tana cikin tazarar. Masu cusa batirin litiyam 18650 cikin tsohuwar tocila su tuna cewa cikakken cajinsa bolt 4.2 ne, guda biyu a jere 8.4.

Sai batun kai da gindi. Ƙwai mai zare ko ta ina wuta ta shigo masa kamawa yake. Yawancin na LED kuwa suna son ɓangaren + ya taɓa ɗan tsinin da ke ƙasan gindinsu, ɓangaren − ya bi ta jikin gindin. A tocilar da ake zura batura kansu na kallon gilashi haka tsarin yake, babu matsala. Inda ake cin karo da akasi shi ne fitilun hannu masu babban batir na bolt 6 mai sifirin biyu a ka, waɗanda da yawansu − ne ke zuwa tsinin. Ƙwai mai kariya zai ƙi kamawa ne kawai, marar kariya yana iya mutuwa a gwajin farko. Akwai waɗanda aka yi su karɓi wuta ta kowane ɓangare, kuma ga mai irin wannan fitila su ne kaɗai abin saye ba tare da an gwada da mitar auna wuta ba.

Yanzu ga maganar wat, wadda ta fi kowacce ruɗa masu saye. Ƙwan PR2 yana jan rabin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) a bolt 2.4, wato kusan wat 1.2, ya ba da lumen wajen 10, domin yawancin wutar zafi take zama. LED kuwa yana iya ba da kusan lumen 100 a kowane wat. Wannan ribar ana iya karɓarta ta hanya biyu, amma ba duka a lokaci ɗaya ba. Ƙwan LED mai wat 1 yana ninka hasken sau da yawa, sai dai abin da yake ja daga batir bai yi ƙasa da na tsohon ƙwai sosai ba. Mai rabin wat yana jan abin da bai kai rabin na tsohon ba, kuma duk da haka ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Ga wanda ke amfani da batura irin su Tiger Head, waɗanda na zinki da gawayi ne ba alkalin ba, mai rabin wat ɗin ya fi dacewa, domin irin waɗannan batura suna saurin durƙushewa idan aka ja su da ƙarfi, amma suna daɗewa idan ana tsotsarsu a hankali.

Me ya sa ba za a sayi mai wat 3 ko 5 a huta ba? Zafi. LED ta bayansa yake fitar da zafi, kuma yana buƙatar ƙarfen da zai kwashe shi. Tocilar da aka ƙera domin LED tun asali tana ɗora shi a kan farantin alminiyam da ke haɗe da jikinta. Mazaunin tsohon ƙwai ba a yi shi don haka ba. A wasu tocilolin ma roba ce ke riƙe da shi. Ɗan gindin PR ba ya iya zubar da zafin da ya wuce na wat 1 da ɗan abu. Saboda haka ƙwan da aka rubuta wa wat 3, ko dai rubutun ƙarya ne kuma wat 1 yake ja, ko kuma gaskiya ne ya yi haske mai ban mamaki na 'yan mintoci sannan ya ragu, ya kuma tsufa da wuri. Awa dubu hamsin ko dubu ɗari da ake bugawa a jikin leda lissafi ne na LED da ke zaune cikin sanyi, kuma direban kan riga shi mutuwa. Mai son sanin gaskiya ya cire murfin gindin tocilar, ya sa mita a ma'aunin amfiya 10, ya ɗora tsinke ɗaya a gindin batir, ɗayan a zaren jikin tocilar inda babu fenti, ya kunna. Lambar da ta fito sau adadin bolt, shi ne wat na gaske.

Cikin masu suna, Nite Ize na Amurka yana da ƙwan PR na batir 2 zuwa 6 da ya rubuta wa lumen 55, da wani mai lumen 74. Lambobin ba su da girma, kuma abin da ya sa na yarda da su ke nan, sun yi daidai da abin da gindin PR ke iya ɗauka. Kamfanin TerraLUX ya fitar da ƙwayayen MiniStar5 masu lumen 140, amma wajibi a karanta lambar samfurin, don akwai na batir 2 zuwa 3, akwai na 4 zuwa 6. Shi kansa kamfanin Maglite, wanda ya fara sayar da tocilarsa a 1979, ya shigo harkar LED a 2006 har da ƙwayayen canji, kowane da adadin batirinsa, amma yanzu sai an dace ake samunsu. Abin da ya fi yawa a kantunan intanet shi ne marasa suna daga ƙasar Sin. A cikinsu akwai nagari, akwai shara, kuma leda ɗaya na iya fitowa da biyun. A sayi biyu ko uku, a gwada kowanne na minti goma a jere kafin a dogara da shi.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne siffar hasken za ta canza. Zaren tsohon ƙwai ko'ina yake watsa haske, har baya, kwanon mai ƙyalli da ke bayansa ya tattara ya harba shi gaba. LED gaba kawai yake haskawa, faɗin kusan digiri 120, saboda haka kaso mai yawa na haskensa ba ya taɓa kwanon. Sakamakon shi ne haske mai faɗi da ke cika ɗaki ko tsakar gida, amma nisan da yake kaiwa bai ƙaru gwargwadon ƙarin lumen ɗin ba. Tsayi ma na da tasiri: idan LED ɗin ya zauna sama ko ƙasa da inda zaren yake da milimita ɗaya ko biyu, sai a ga baƙin rami a tsakiyar hasken da zobba kewaye da shi. A Maglite ana murɗa kai har ramin ya rufe, duk da cewa murɗawar ba ta ƙara yin aiki kamar da. A tocilar da kanta ba ya motsi, sai a gwada sa siririn zoben ƙarfe (washa) a jikin faifan ƙwan don gyara tsayinsa. Idan hakan bai yi ba, babu dabara sai canza ƙwai. Maigadi ko mafarauci da ke son hango abu daga nesa ya nemi ƙwan da aka yi wa ɗan madubi a ka mai watsa haske gefe, shi ya fi kwaikwayon zare.

Launi ma abin dubawa ne. Yawancin masu araha fari ne mai shuɗi-shuɗi, kelbin 6000 zuwa 6500 (kelbin ma'aunin launin haske ne, ƙaramar lamba na karkata zuwa ja-ja). A ido ya fi kama da mai ƙarfi, amma cikin hazo da ƙurar hunturu ya kan dawo wa mutum fuska ya kashe masa ido, kuma yana wanke launin ƙasa da busasshiyar ciyawa su zama toka-toka, abin da ba a so a gona da dare inda ake tsoron maciji. Mai kelbin 3000 zuwa 4000 ya fi daɗin aiki a waje.

Sawa ba ta da wuya. A babbar Maglite: a cire batura, a kwance kan gaba ɗaya, a warware zoben da ke riƙe da ƙwan, a musanya, a ɗaure da hannu ba da filaya ba. A Mini Maglite a zare ƙwan a tsaye, a zura ƙafafun sabon, idan bai kama ba a fitar a juya shi. Kan LED ɗin ya fi na tsohon ƙwai kauri, shi ya sa ake haɗo shi da sabon kwano mai faffaɗan rami. Kada a tilasta tsohon kwanon, kuma kada a ɓamɓare baƙar robar da ƙwan ke zaune a kai. Tsohon ƙwan a ajiye shi, Maglite na da mazaunin ƙwan ko-ta-kwana a cikin murfin gindi, ƙarƙashin sifirin.

Idan sabon ƙwai na ƙifta ido, galibi laifin tocilar ne. A goge sifirin da bakin makunni da samfefa mai laushi har ƙarfen ya fito fes, a ɗan ja sifirin idan ya kwanta, a shafa basilin kaɗan a zaren murfi da robar da ke hana ruwa shiga. Cikin kwanon kuwa kada a taɓa shi da yatsa ko tsumma, ƙyallinsa siriri ne ƙwarai, goga ɗaya ta bar masa tabo. Hurawa ta wadatar.

Akwai illa biyu da direba ke jawowa. Ta farko, yana ci gaba da matse batir har bayan ya ƙare, hasken bai nuna alama sosai ba, batirin da aka matse haka kuwa shi ne ke zubar da ruwa ya kumbura ya maƙale cikin tocila. Da an ga haske ya fara raguwa a canza baturan duka tare, kada a gauraya sabo da tsoho, kuma idan za a ajiye tocilar fiye da wata guda a zare su. Masu NiMH su fi kowa kula, don matsewa irin wannan na lalata wanda ya fi rauni a cikin jerin. Ta biyu ƙarama ce: wasu direbobin masu araha suna sa rediyo shuu a gajeren zango da matsakaici idan tocilar na kusa da ita. Matsar da tocilar taku biyu ko uku ya kan kawar da ƙarar.

Ga tocilar gwangwani mai tsatsa wadda sai an bubbuga take kamawa, kuɗin ƙwai mai kyau zai iya kai na sabuwar tocilar LED, sayen sabuwar ya fi. Haka wanda ke neman lumen 500 ko 1000, ba zai same shi a gindin PR ko E10 ba. Wanda canjin ya fi yi wa rana shi ne mai Maglite ko wata tocilar ƙarfe mai lafiyayyen makunni, musamman a inda wutar caji ba ta da tabbas amma manyan batura na nan a kowane teburin mai kaya. Shi ya nemi ƙwai mai rabin wat zuwa wat 1, mai direba, mai tazarar bolt da ta rufe adadin baturansa, in da hali mai kelbin 4000 ko ƙasa da haka.