Gwada sigar manhaja: harafi-harafi ko lamba-lamba?

A ofishinmu na Yaba, ni da ƙanena mun yi gardama kan yadda manhajar da ke harhaɗa mana aiki za ta gane sigar da ta fi sabunta.

Shi yana son a gwada lambobin sigar kamar rubutu, harafi bayan harafi. Layi ɗaya, an gama. Sai dai kwamfuta za ta ce 1.9 ta fi 1.10, don da ta ga 9 ta fi 1 ba ta ƙara duba gaba. Fitowar siga ta 3.10 ta Python, wani harshen rubuta manhaja, a 2021 ta tona irin wannan kuskure; a YAML ma, wato tsarin rubuta fayilolin saitin manhaja, ana karanta ta 3.1 idan ba a killace ta da alamar zance ba.

Ni kuwa na dage a yanka lambar a kowane ɗigo, a gwada yankunan a matsayin lambobi daga hagu. Da wahala, na yarda. Dole ka yanke ko 2.0 da 2.0.0 ɗaya ne, ka kuma tuna a tsarin SemVer na ba sigogi lamba, 2.0.0-beta (sigar gwaji) tana ƙasa da 2.0.0, alhali gwajin rubutu sama zai ɗora ta.

"Yaya, aikin ya yi yawa," in ji shi.

Na ce ya ɗauko laburare, wato shiryayyen ɓangaren manhaja, wanda ya riga ya iya wannan, mu bar rubuta namu.