Bat: ɗan shirin da ya sa wa baƙin allona kala

Jama'a salamu alaikum, yau dai bari in faɗi albarkacin bakina kan wani ɗan shirin kwamfuta da ake ce masa bat, mai nuna rubutun fayil da kaloli, wanda na yi kusan wata huɗu ina aiki da shi a nan Garwa. Ni aikina gyaran kwamfutoci ne, sai kuma wata ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi da bayanai, da nake kula wa wani Alhaji mai shagon kayan gini, kuma sabar nan ba ta da komai sai taminal, wato baƙin allo da farin rubutu, ba maus ba hoto, da SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, nake shiga daga tsohuwar laftof ɗina.

Da can in zan duba fayil sai in buga cat, umarnin nuna abin da ke cikin fayil, ya kwararo min rubutun gaba ɗaya fari fat kamar an zubar da shinkafa. Ranar da na gane ina cutar kaina wata Asabar ce cikin zafin watan Afrilu, wanda ya san Garwa ya san abin da nake nufi, ga kuran, wato wutar lantarki, an ɗauke, batir saura kaɗan, shafin lissafin Alhaji ya ƙi buɗewa, shi kuma sai kira yake "yaro na, har yanzu?" ni ko sai "Alhaji a ƙara haƙuri, yanzu yanzu". Awa biyu ina zare ido a fayil ɗin PHP, yaren da aka rubuta shafin da shi, ban ga komai ba. Wani abokina da muka yi karatu tare a Ngaundere ya ce min kai sa bat mana. Ina buɗe fayil ɗin da shi, daga layi na 47 har can ƙasa komai ya koma rawaya. A kalolin da yake zuwa da su, Monokai Extended, rawaya na rubutun da ke cikin alamar zance ne, to ashe na buɗe alamar ban rufe ba. Wallahi sai da na yi dariyar takaici.

Shi bat ɗin wani ne mai suna David Peter ya rubuta shi da yaren Rust, ya fito a 2018, kyauta ne ko dala ba ka biya, kuma ƙa'idojin gane yaruka na Sublime Text yake amfani da su, shi ya sa ya san PHP da Python da Bash da JSON da sauransu birjik. Yana sa lambar layi a gefe, in fayil ɗin yana cikin Git ma, wato shirin da ke bin sawun canje-canjen fayil, sai ya nuna maka alamar + ko ~ a layin da ka taɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne bat -A, wanda ke tona abin da ido ba ya gani. Akwai sikirif da wani ƙanena ya rubuta a Windows ya turo min, Linux ta ƙi shi tana ta cewa ^M, da na sa -A sai ga alamar CR, wato ^M ɗin nan da Windows ke ƙarawa, zaune a ƙarshen kowane layi. Haruffan Faransanci masu aksan da namu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, duk suna fitowa lafiya lau in dai taminal ɗinka na UTF-8 ne, tsarin da ya san haruffan harsuna daban-daban.

To amma fa ba a rasa nono a ruga, yana da nasa. Na farko sunan. A Ubuntu da Debian, nau'o'in Linux, in ka yi apt install bat ka buga bat sai a ce babu shi, don can batcat suka sa masa saboda wani shirin ya riga shi sunan, sai ka sa alias bat=batcat a .bashrc, fayil ɗin saitin taminal, don sunan bat ya yi aiki, ni minti goma na yi ina zargin konekshon ɗina. Na biyu, bayanan da ake rubutawa a gefen kod toka-toka suke fitowa, in kana zaune a rumfa da rana tsaka ba ka ganinsu sam, sai da na bi bat --list-themes ɗaya bayan ɗaya na koma ansi, wanda ke bin kalolin taminal ɗinka. Sannan in fayil ya yi tsawo yana tura shi cikin less, shirin da ke nuna rubutu shafi-shafi, wanda bai sani ba sai ya zata na'urar ta maƙale, alhali q kawai zai danna. Kuma a katon log, fayil ɗin da na'ura ke rubuta abubuwan da suka faru, cat ya fi shi sauri, wannan kam ba gardama.

Wasu za su ce ai editan vim da syntax on ma yana kala, editan nano ma haka, pygmentize ma yana nan tun tuni. Gaskiya ne, amma ni in karatu kawai zan yi ba na son buɗe edita a sabar mutane, hannu ya zame ka goge wa Alhaji lissafin siminti. Na sa shi har a waya ta cikin Termux, manhajar taminal ta Android, pkg install bat, bai ci min data mai yawa ba, jiya ma a kan moto wajen gadar Binuwai na tsaya na duba wani fayil da shi.