Kali Linux a cikin VirtualBox, bayan wata 4 ina amfani da ita

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da ja wa ofisoshi da makarantu wayar intanet a nan Kano. Sunan Kali Linux na daɗe ina jin sa a bakin yara, ban taɓa kula shi ba, sai ranar da na gama haɗa wa wani mai makarantar kuɗi kwamfutoci 20. Ina naɗe wayoyina ya ce, "Injiniya, to yanzu ta yaya zan tabbatar ɗalibi ba zai iya shiga kwamfutar da muke ajiye sakamakon jarrabawa ba?" Na ce masa ai na sa kalmar sirri. Ya gyaɗa kai ya sallame ni, amma a raina na san kame-kame kawai na yi. A daren nan na fara neman Kali.

Ga wanda bai san ta ba, Kali manhaja ce mai gudanar da kwamfuta kamar Windows, sai dai an gina ta a kan Debian, wani nau'in Linux, an kuma cika ta da kayan gwada tsaro. Kamfanin Offensive Security, wanda yanzu ake kira OffSec, ya fitar da ita a 2013 a madadin tsohuwarsu BackTrack, kuma kyauta ce. Matsalata ita ce laftof ɗaya gare ni, 'yar Beljiyam mai ram giga 8, a cikinta rasit ɗin kwastomomi yake da hotunan sunan 'yata. Goge Windows ba ta ma taso ba. Shi ya sa na ɗauko VirtualBox na kamfanin Oracle, shi ma kyauta, wanda aikinsa shi ne ya gina maka kwamfuta a cikin kwamfuta. Kali sai ta buɗe a taga ɗaya kamar kowace manhaja, alhali ita a ganinta tana kan nata injin ne.

A shafinsu hanya biyu ce: ko ka sauke ISO, wato fayil ɗin girkawa, ka girka da kanka, ko ka ɗauki wadda aka riga aka girka musamman don VirtualBox. Na ɗauki ta biyun, kuma ita nake ba kowa shawara. Matsattsen fayil ne na 7z mai nauyin giga 3 da ɗoriya, don haka datar dare na saya na kwana ina gadinsa. Da ya sauka na gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke nuna ko fayil ya iso daidai, da wadda suka rubuta a shafin, don da irin layinmu ba wuya fayil ya iso da rauni. Na warware shi da 7-Zip, ya kumbura ya haura giga 10, na danna fayil ɗin .vbox sau biyu, sai ga Kali a jerin VirtualBox. Har na fara murna.

Ina danna maɓallin tayarwa aka watso mini saƙo cewa VT-x a kashe yake. Yamma biyu na ɓata a nan. Na cire VirtualBox na mayar, na sake warware fayil, har na fara tunanin sake sayen data. Ashe abin ba ya cikin Windows ko kaɗan, wani makunni ne a cikin BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, shi ke ba wa injin damar ɗaukar wata kwamfutar a cikinsa, kuma tsofaffin laftof da yawa a kashe suke zuwa da shi. A tawa F10 ake dannawa lokacin da take tashi, a wasu F2. Aikin minti 2 ne. Abin kunyar shi ne saƙon ya faɗi haka ƙarara tun farko, ni ne ban tsaya na karanta ba, ni da nake wa kwastomomi faɗa a kan rashin karanta abin da allo ya nuna musu.

Bayan ta tashi kuma sai ta riƙa jan ƙafa. A ƙasan tagar na hango wani ɗan koren kunkuru, na ɗauka ado ne. Alama ce ta cewa Hyper-V, wato irin VirtualBox ɗin da ke cikin Windows, ya riga ya riƙe wancan makunnin, VirtualBox a bayansa yake bi. Da na kashe shi na sake tayar da laftof, kunkurun ya ɓace, gudu ya dawo. Sunan shiga kali, kalmar sirri ma kali. Tsofaffin bidiyoyin YouTube za su ce maka root da toor, wannan kafin 2020 ke nan. Ka canza kalmar nan take da umarnin passwd.

Ram giga 2 take zuwa da shi. Ya isa ga nmap, manhajar binciko ƙofofin da ke buɗe a kwamfuta, da baƙin allon rubuta umarni, amma da na buɗe Burp Suite, ta gwada tsaron shafukan intanet, tare da Firefox sai komai ya tsaya cak. Na ƙara mata zuwa giga 4, sai ta warware. A zafin watan Afrilu fankar laftof ɗin kuka take kamar injin markaɗe, sai na ɗora ta a kan murafen kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasa.

Abin da ya fi burge ni ba ma a cikin Kali yake ba, a VirtualBox yake: Snapshot. Hoto ne na yanayin injin gaba ɗaya a daidai lokacin da ka ɗauka, duk abin da ya lalace daga baya kana iya komawa can. Kali irin manhajar nan ce da kullum ake sabunta ta, idan ka yi 'yan makonni ba ka taɓa ta ba, sai ka tarar da abin saukewa ya fi giga ɗaya yana jiran ka, wanda ga mai sayen data ba ƙaramin abu ba ne. Wani dare na sa umarnin sabuntawa, apt full-upgrade, ta yi nisa tana girkawa, aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗina minti 20 yake yi idan ya ga dama. Kafin in tayar da janareta ta mutu. Da na kunna, Kali ta ƙi kai ni ko wajen shiga, baƙin allo kawai. Da a kan ainihin injin na girka ta, da kwana zan yi ina gyara. Sai na koma hoton da na ɗauka da la'asar, kan ka ce kwabo ta dawo yadda take. Datar dai ta tafi. Tun daga ranar ba na sabuntawa sai na ɗauki hoto.

Kali ita kaɗai ba ta koya maka komai, sai ka samo mata abin gwaji. Na sauke Metasploitable 2, wata kwamfutar ce da kamfanin Rapid7 ya bar ta da ramuka da gangan don masu koyo. Na sa su biyun a kan layin Host-only, wato suna ganin juna amma ba mai leƙa waje. Na rubuta nmap -sV da adireshinta, sai ga ƙofofi, wato hanyoyin shiga injin ta layi, a jere a buɗe: 21, 22, 23, 80, 3306, 5900, da wasu da yawa, kowace da sunan manhajar da ke bayanta. A ƙofa ta 21 akwai manhajar aika fayil vsftpd 2.3.4, wadda a 2011 wani ya cusa wa ɓoyayyiyar ƙofa: duk wanda ya sa alamar murmushi :) a ƙarshen sunan shiga, sai ƙofa ta 6200 ta buɗe masa. Na gwada, na tsinci kaina a cikin injin a matsayin root, mai cikakken iko a kan injin, ba wanda ya tambaye ni kalmar sirri. Na jima ina kallon allon. Shekaru ina ja wa mutane waya, ban taɓa ganin aikina daga ɓangaren mai son shigowa ba.

Yaron shagona yana tsaye a bayana, ya ce, "Oga, ke nan yanzu za mu iya buɗe waifai ɗin maƙwabta?" Na ce masa da farko dai Kali ta cikin VirtualBox ba ta ganin katin waifai na laftof, a wajenta waya ce aka jona mata. Mai son gwada Aircrack-ng, manhajar gwada tsaron waifai, sai ya sayi katin USB mai iya sauraren iska, irin na Alfa masu guntun Atheros AR9271, ya miƙa wa injin. Na biyu kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, shiga na'urar wani ba izini laifi ne, ba ni da kuɗin beli. Don in huce masa sai na buɗe masa rockyou.txt, jerin kalmomin sirri sama da miliyan 14 da suka fita bayan kutsen da aka yi wa wani kamfani a 2009, yana nan a cikin Kali a matse. Na ce ya nemi tasa. Ya rubuta arsenal da umarnin bincike na grep, ta fito. Bai ce uffan ba, ya koma gefe da wayarsa yana canzawa.

Wanda bai taɓa riƙe Linux ba, kada ya fara da Kali. Su kansu masu ita sun rubuta haka a shafinsu, ba a yi ta don aikin yau da kullum ba. Ya fara da Ubuntu ko Linux Mint ya saba da baƙin allo tukuna. Mai ram giga 4 ma zai sha wahala, don Windows da Kali za su yi ta rabon abin da bai ishi ɗaya ba. Amma mai sana'a irin tawa da ke da giga 8 da haƙurin karatu, ban ga abin da zai ba shi wannan ilimi a kan kuɗin data kawai ba.

Na koma makarantar bayan wata 2. Na sa mai makarantar ya rubuta mini izini a takarda ya sa hannu, na juya layin Kali zuwa Bridged don ta ga kwamfutocinsu, na saki nmap. Kwamfutar sakamakon jarrabawa lafiyarta ƙalau. Na'urar rarraba intanet ɗin ce shafinta ke buɗe ga kowane ɗalibi, sunan shiga admin, kalmar sirri ma admin, yadda ta zo a kwali. Ya ce, "Wa ya bar ta haka?" Na ce ni ne, Alhaji. Na gyara a gabansa, ban karɓi ko sisi ba.