Tanti ko Rakuba: Wanne Ya Fi Dacewa da Yaran da Suka Yi Gudun Hijira?

'Yar'uwa, kin tambaya ko tanti ya kamata kwamitinku na Gadarif, a gabashin Sudan, ya saya wa iyalai masu ƙananan yara da za a fitar daga makarantun da suka fake a ciki, ko kuwa a kafa musu rakuba, wato rumfar gargajiya ta Sudan. Ga abin da nake gani.

Tanti ya fi sauri, domin a yini guda ake kafa shi, kuma yana da shimfiɗar ƙasa da ke tare danshi da kunama. Amma da rana ta take, cikinsa yakan zama kamar tanda, alhali kuwa jarirai da masu jego su ne ke wuni a ɗaki lokacin da manya suka fita neman abinci. Iska ma ba ta raga masa: a daminar 2021 guguwa ta yayyaga tantuna masu yawa a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, a nan jihar Gadarif.

Rakuba kuwa, da yake itace ne da zana da ciyawa, iska na ratsa ta, kayanta na nan a kasuwa, iyaye kuma sun iya gyaranta da hannunsu. Aibinta biyu ne, yoyo da gobara. Yoyon ana maganinsa da tamfol a ƙarƙashin ciyawar rufi, ba a samanta ba, don kada rana ta cinye shi. Gobarar ce ta fi tayar mini da hankali, saboda haka a fitar da murhu waje, a bar tazara mai kyau tsakanin rakuba da rakuba.

Ni dai rakuba zan zaɓa, in har zaman zai wuce 'yan makonni, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mun ga yadda zaman wucin gadi ke tsawaita. Sai dai a ɗaga daɓen sosai, domin baƙar ƙasar Gadarif kan rikiɗe ta zama taɓo da ruwan farko, kuma a tanadi gidan sauro ga kowane yaro, saboda zazzaɓin cizon sauro da kala'azar, cutar da cizon wani ƙaramin ƙuda ke kawowa. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke bi, ta ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, masai kuma kada ya wuce mita 50 daga ɗaki. A sa ƙyaure mai sakata, a raba ɗakin da labule saboda 'yan mata masu tasowa, a kuma haska hanyar masai da fitilar sola. Yaron da ya rabu da iyayensa a haɗa shi da iyalin da aka amince da su, kusa da tsakiyar wurin, kada a ware masa ɗaki shi kaɗai a gefe.