Mai kitson da ta hana ni shuku

Tun muna makaranta ƙawaye ke tsokanata da goshi. Fuskata irin mai siffar zuciya ce, goshi faffaɗa, haɓa kuma siririya kamar an fiƙe ta. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa wannan ya shafi kitso ba. Shuku nake so, shi ake min shekara da shekaru.

Ana saura kwana uku bikin ƙanwar maigidana, mai kitsona ta yi tafiya, sai maƙwabciyata ta kwatanta min wani shago a wajen Zoo Road. Ina zama na ce shuku. Matar ba ta ko ɗauki mataji ba. Ta ɗaga haɓata da yatsa, ta juya fuskata hagu da dama, ta ce, "Hajiya, shuku zai tattare miki gashi sama, goshin ya ƙara fitowa, haɓar ta ƙara tsini. Ki bari in gwada miki wani." Raina bai so ba, don ban saba mai kitso ta yi min musu ba, amma lokaci ya ƙure.

A gefen hagu ta yi tsaga maimakon tsakiya, ta kwantar da layi biyar a karkace suka ratsa gefen goshin. Baya kuma ta yarfa kalaba manya, jelarsu ta tsaya daidai muƙamuƙi, wato inda fuskar ta tsuke nan gashin ya yi cika. Abin da ya fi burge ni shi ne gashin gaba, sam ba ta ja shi ba. Ta nuna min a madubi inda ya fara cinyewa ta gefe biyu, ta ce jan shuku ne, kuma duk silin da ya tafi faɗi yake ƙara wa goshi. Har ɗaurin ɗankwali ta gyara min, wai in daina ture-ka-ga-tsiya, in sauko da shi ya ɗan rufe goshin. Ranar kamu uwar mijina, wadda yabo ke mata wuya, sai da ta tambaye ni ko ƙiba na yi.

Sai dai akwai gyara. Na kira kafin in je, duk da haka na yi zaman awa ɗaya da rabi. Yarinyar da ta wanke min kai ta kusa sale ni da ruwan zafi. Ƙeya kuwa, duk sassaucin da aka yi wa gaba a nan aka rama, kwana biyu ina kwanciya a gefe ina shafa man kaɗanya.

Naira 6,000 na biya har da wanki, kitson ya kai sati uku bai tashi ba. Zan koma, amma da sassafe, kuma tun kafin ta kai ƙeya zan ce ta sassauta hannu.