Bututu ko Buɗaɗɗiyar Mafita: Wacce Ta Fi wa Ƙaramin Dam?

Ɗan'uwa, tsakanin binne bututu a cikin bangon dam ɗinka da yanka buɗaɗɗiyar mafitar ruwa a gefe, ka yanka mafitar. Duka biyun na yi su a ɗan dam ɗin gonarmu, inda muke kiwon tarwaɗa da karfasa, iyali kuma suke zuwa shan iska ranar Juma'a da yamma. Mafitar ce kaɗai take barina in runtsa a watan Agusta.

Tamu tana gefen hagu, an yanka ta a cikin ƙasar asali mai tauri, nesa da ƙasar da katafila ta tara. Faɗinta mita shida, bakinta kuma yana ƙasa da saman bango da mita ɗaya. Wani dattijon magini ne ya shimfiɗa mata baƙin dutse da siminti, yana ɗaukar kowane dutse yana jujjuya shi har sai ya sami fuskar da za ta zauna. A ƙarshen gangarar ya sa aka jibge manyan duwatsu don su karya ƙarfin ruwa kafin ya faɗa rafi. A lokacin gani nake yana jan aiki. Damina ta biyu aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fita da tocila kafin asuba gabana yana faɗuwa. Na tarar ruwa yana wucewa ta mafitar da rugugi, ɗauke da karan dawa da ledoji da wani reshen gawo sukutum, babu abin da ya maƙale. Na haska sandar awo da muka kafa, na ga saura fiye da kamu ɗaya ruwan ya kai saman bango. A nan na tsaya cikin yayyafi ina yi wa dattijon nan addu'a.

Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya haura kansa. Da zarar ya fara tsallakewa zai zaizaye bayan bangon, cikin 'yan sa'o'i ya buɗe kwazazzabo. Manyan ma ba su tsira ba. Dam ɗin Bagauda, wanda mutanen Kano suke zuwa shaƙatawa a bakinsa, ya fashe a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa. Na Gusau ya tafi a ƙarshen Satumban 2006 lokacin da ƙofofinsa suka ƙi buɗuwa, aka rasa rayuka da gidaje. Buɗaɗɗiyar mafita ba ta da ƙofar da za ta cije, ba ta kuma jiran mai gadi ya farka.

Bututu kuwa, arha ne da shi, yana kuma taimakawa in za ka rage ruwa da rani don kamun kifi. Iyakar abin da zan faɗa masa na alheri ke nan. Nawa kainuwa da kara suka toshe shi tun damina ta farko, daga baya ruwa ya riƙa bin jikinsa ta waje yana fitowa a bayan bango. In lallai kana sonsa, ka sa ƙarami mai makulli don zuƙe ruwa kawai, a yi masa zobba na kankare da za su tare ruwan da yake bin jikinsa, a daddale yumɓu kewaye da shi da hannu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tifa. Za ka biya kuɗin baƙin dutse, a kawo maka marmara a ƙasa an lulluɓe samanta da mai kyau. Marmara tana rugurgujewa a ruwa. Ka tsaya a juye a gabanka, ka sa guduma. Haka masu zoben kwalbati da suke rage siminti da rodi, da mai katafilar da zai ce nauyin motarsa ya isa daddale ƙasa. Bai isa ba. Hawa-hawa ake zuba yumɓu, kowane hawa kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai. Faɗin mafita kuma ya danganta da girman filin da yake turo maka ruwa, don haka kada ka kwafi mita shida nawa. Ka nemi injiniya daga ma'aikatar ruwa ta jiharku, ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are in kana yankinta, ya zo ya auna.

A jikin bango ka dasa kiri-kiri, jema kuma a bakin ruwa da gefen mafita. Kada ka bar bishiya ko ɗaya ta tsiro a kai, komai daɗin inuwarta, domin saiwa in ta ruɓe hanyar ruwa take zama. Duk mako ka taka bangon da ƙafa kana neman ramin gafiya da suri da sawun shanu. In ka ga tsattsafo a baya, ka ɗebo a kofin gilashi. Mai garau ka sa masa ido, amma in da laka a ciki to bangon ne yake fita, ka rage ruwa a ranar, ka sanar da mutanen da suke zaune a gangaren dam ɗin.

Tunda yara za su zo, kada su kusanci mafita lokacin da take gudu, dutsen yana yin gansakuka ya yi santsi. Ka rataye igiya da tiyub a inda kowa zai gani, ka kuma hana su wanka a ciki saboda tsargiya.

Ka fara aikin a Maris, a riƙa shayar da simintin ruwa safe da yamma na mako guda, ya kama sosai kafin ruwan fari.