Man hormon ɗin da na shafa kusan shekara huɗu, da wuyar da na sha kafin in rabu da shi

Tun da na fara sakin baki ina maganar maganin hormon, wanda ake ba matan da al'adarsu ta ɗauke, a gidajen biki da suna, mata ke jawo ni gefe suna tambayata a hankali: "Hajiya, man nan naki yana aiki kuwa?" Yana aiki. Da wannan na fara don kada a ce na yi butulci. Amma abin da ya same ni a kansa ba zai faɗu a tsaye a bakin ƙofar gidan biki ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Al'adata ta ɗauke a 2020, ina da shekara 49. Na yi murna da farko, na ce na huta da fashin salla da ramuwar azumi. Ashe akwai sauran aiki. Ina tsaye gaban allo ina koyar da yara sai in ji zafi ya taso daga ƙirji ya haura wuya ya mamaye fuska, kamar an kara mini kaskon garwashi, alli ya jiƙe a hannuna. Da dare in farka sau huɗu sau biyar, zani sharkaf, har cikin sanyin Janairu lokacin da kowa a Damagaram ke neman bargo. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, na sha jiƙe-jiƙe, na sha rubutu. Yayata ma cewa ta yi a nemi masu ruƙiyya. Daga ƙarshe wata abokiyar aikina ta kai ni wani kilinik mai zaman kansa a nan cikin gari, a watan Afrilu na 2021. Ba zan faɗi sunansa ba.

Likitan ya rubuta mini abu biyu: man shafawa na estradiyol mai zuwa a kwalbar da ake matsawa, matsi biyu kowace safiya, da ƙwayar forojestaron ta miligiram 100 da za a haɗiya in za a kwanta. Kuɗinsu kun sani, duk wadda ta taɓa miƙa irin wannan takarda a farmasi ta san yadda albashi ke girgiza. Sai dai wallahi kafin sati uku na koma mutum. Na yi barci har ladan ya tashe ni. Malam ya ce faɗan da nake yi wa yaran gida ya ragu. Man ba ya maiƙo, ba ya ɓata tufafi, kina shafawa a damtse bayan wanka, ki ɗan jira ya bushe, ki sa hijabi ki fita. Shekara biyu da 'yan watanni ban da abin cewa sai godiya.

Abu ɗaya ne ba a yi mini ba, kuma shi ne ya nemi kai ni ƙasa: babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini aikin ƙwayar nan. Ganin likita minti goma ne, rabinsa yana rubutu kansa a sunkuye. Da yake in na sha ta barci nake ji, sai na ɗauka ta barci ce, man shi ne magani.

To kun tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kaya suka tsaya, magunguna suka fara ƙaranci. Man ina da kwalabe a ajiye, don ƙanena ya haɗo mini da yawa daga Yamai kafin abin ya faru. Ƙwayar ce ta ƙare a watan Satumba. Na hau kabu-kabu na zaga farmasi huɗu, daga Birni har Sabon Gari, babu. A na ƙarshe yaron da ke bayan kanta ya karɓi kwalin da na zo da shi, ya juya shi, ya ce: "Mama, wannan ai ba dole ba ce. Tun da kina da man, ki ci gaba da shafawa, in ta zo kya saya." Na buga wa kilinik waya sau uku a satin, mai ɗaukar waya ta ce likita ya yi tafiya, za a kira ni. Har yau ina jiran kiran. Na ci gaba da shafa man shi kaɗai, wata biyar cur.

Ranar da abin ya fashe, ranar kai amarya ce, 'yar yayata, a watan Fabrairu na 2024. Ina cikin farar shadda da na ba tela tun wata biyu kafin bikin, ina zaune kan tabarma a tsakiyar dangin ango, ni ce mai miƙa amana. Na yunƙura zan tashi sai wata dattijuwa daga cikinsu ta dafa kafaɗata, ta maida ni zaune, ta cire mayafinta ta yafa mini ta baya, ta ce a kunnena: "Zauna tukuna, 'yata, kin ɓaci." Jini. Mace mai shekara 53, mai jikoki, wadda rabonta da al'ada kusan shekara huɗu. Kunyar ma ba ita ta fi damuna ba a lokacin, gabana ne ya faɗi, domin na san abin da ake faɗa a kan jinin da ya dawo wa mace bayan ya ɗauke. Wata gwaggona da haka ciwonta ya fara, kuma ba ta tashi ba. Allah ya saka wa dattijuwar nan da alheri, ita ta fitar da ni ta ƙofar baya, ko sunanta ban tambaya ba.

Washegari da sassafe ina kilinik. Likitan ya dawo daga tafiyarsa. Da na ba shi labari sai ya aje biro ya hau ni da faɗa, a gaban yarinyar da ke taya shi aiki wadda na haifi kamarta: wa ya ce ki daina ƙwayar, ke ba malamar makaranta ba ce, ba ki karanta takardar cikin kwali ba? Na ce: "Likita, sau uku na kira." Bai ko ɗago kai ba. A ranar, bayan shekara kusan uku ina biyan kuɗin ganinsa, na fara jin bayanin da ya kamata in ji ranar farko. Estradiyol yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri. Forojestaron ita ke taka mata birki. Duk macen da mahaifarta ke nan ba a cire ba, in ta yi amfani da na farkon shi kaɗai na tsawon lokaci, kaurin na iya kawo zubar jini, yana kuma iya juyewa ya zama ciwon daji. Aka yi mini ekografi, wato hoton ciki, aka ce shimfiɗar ta yi kauri, aka ɗebi ɗan nama aka aika Yamai. Sannan ya ce daga yau in daina komai, ya kira mai bi mini.

Daina komai rana ɗaya, saura kwana kaɗan azumi. Azumin 2024 ya kama wajen 11 ga Maris, kuma duk wanda ya yi shi a garin nan bai manta zafinsa ba. Kafin sati biyu duk abin da na baro a 2021 ya dawo, har da riba. Zafin ciki da zafin gari suka haɗu, ga wuta tana zuwa tana tafiya, ga ruwan famfo yadda kuka san shi a Damagaram. Na koma kwana a tsakar gida da jiƙaƙƙen zani a wuya. A sahun tarawi sau biyu ina sallamewa in fita, saboda ji nake numfashina zai tsaya a tsakanin mata. Ga kuma jiran sakamako daga Yamai, kullum waya ta yi ƙara sai cikina ya juya. Jinin da ke ɗigowa jefi-jefi ya sa sai da na je wajen malamarmu ta islamiyya in tambayi hukuncin sallata da azumina, tambayar da na ɗauka na gama da ita har abada. Ban ce dainawar kuskure ba ce, na fahimci dole a tsaya a ga abin da ke cikin mahaifar. Amma da ya ce mini zafin zai iya dawowa, ga abin da za ki yi, ki dawo bayan sati biyu in gan ki, da na ɗauki abin da sauƙi.

Sakamako ya zo bayan ƙaramar salla. Babu daji, kauri ne kawai. Alhamdu lillahi. Na karɓi takardata ban sake taka ƙofar wurin ba.

Wata likitar mata na koma wa, kuma ita ce ta sa ban tsine wa maganin gaba ɗaya ba. Ta ce: "Hajiya, zauna, yau ba sauri muke ba." Ta zana mahaifa a bayan takardar magani. Ta ba ni labarin babban binciken da aka yi a Amurka kan mata fiye da 16,000, wanda aka tsayar a 2002 da aka ga ƙarin ciwon dajin nono da daskarewar jini da shanyewar jiki, har mata da yawa a duniya suka watsar da maganin dare ɗaya. Ta ce daga baya an lura yawancin matan binciken sun manyanta, tsaka-tsakin shekarunsu 63, kuma ƙwaya suke haɗiya. Macen da ta fara kafin ta kai 60, ko cikin shekara goma da ɗaukewar al'ada, lissafinta daban ne, kuma wanda ake shafawa a fata bai kai na haɗiya haɗarin daskarewar jini ba. Haɗarin nono kuwa yana nan, yana ƙaruwa a hankali da yawan shekarun da aka yi ana amfani, don haka kowace shekara sai a zauna a sake auna riba da hasara. Ni a shekara uku ba a taɓa zama da ni an auna komai ba, sai dai a sabunta takarda a karɓi kuɗi. Ko nonona ba a taɓa dubawa ba a wancan wurin. Kun ga, da na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Ta sa ni kan forojestaron ita kaɗai na 'yan watanni, aka sake ekografi, shimfiɗar ta koma daidai. Sai ta tambaye ni me nake so. Na ce ina son in rabu da shi, amma ba irin rabuwar da aka yi mini ba. Ta gaya mini gaskiya cewa ragewa a hankali ba ta ba da tabbacin zafin ba zai dawo ba, abin da take yi shi ne sassauta faɗuwar, kuma wannan zafin yakan ɗauki shekara bakwai ga mata da yawa, wasu ma fiye. Muka koma matsi ɗaya tare da ƙwayar, da sharaɗin duk ranar da ƙwayar ta ƙare, man ma ya tsaya. Dabarar da na fi yaba mata ita ce ta ce mu bar ragewar sai sanyi ya shigo. A Nuwamba na koma shafawa yau in tsallake gobe, a Janairu sau biyu a sati, ƙarshen Fabrairun 2025 na aje. Ta ba ni ɗan littafi in riƙa sa alama duk lokacin da zafin ya taso, mu duba tare.

Ya dawo, amma kaɗan. Sau biyu ko uku a yini, kuma na gane masu tayar da shi: shayi mai zafi, yaji, da tsayuwa a kan murhu. Da dare sau ɗaya nake farkawa, in sha ruwan randa in koma. Abin da bai tafi ba shi ne bushewar gaba, wanda mata ba sa son faɗa, har auratayya ta zama azaba suna shiru. Wannan ba ya warkewa da kansa, kuma akwai man da ake sawa a wurin kawai, ɗan kaɗan, wanda ba ruwansa da daina na jiki. Shi nake amfani da shi yanzu. Ta kuma gargaɗe ni cewa kariyar da maganin ke ba ƙashi tana raguwa bayan an daina, don haka na kama tafiyar ƙafa bayan asuba, da nono da zogale a abinci.

In a kan man ne kaɗai, ba ni da ƙorafi, ya ba ni shekara biyu na barci da kwanciyar hankali a lokacin da na kusa barin aiki. Amma ba na iya gaya wa mace ta je ta saya in yi shiru a nan, a garin da magani kan ɓace daga kanta wata da watanni, kuma wanda ya rubuta miki shi ba ya ɗaukar waya. Kwanan baya ma saƙo ya shigo mini daga wancan kilinik, wai lokacin sabunta takardata ya yi, shekara fiye da ɗaya bayan sun ce in daina komai. Ko dubawa ba su yi ba su ga ko ina raye. Shaddar nan kuwa an wanke ta ta fita tas, tana cikin akwati, har yau ban iya sake sa ta ba.